Rabin Gemu

Ladanin Bukoki ya yi shiru,
na naɗe tabarmar salla, na ɗaure igiyar takalmi.
Likita ne ya ce: ko ka rage tumbin nan, ko shi ya rage ka.
Shi ya sa, ina da arba'in da bakwai a duniya,
nake ɗaga ƙarfe da yaran da na haifi sa'anninsu.

Wurin Zabairu rumfar kwano ce a bayan tasha:
madubi ɗaya mai tsaga a tsakiya,
sandar ƙarfe, gwangwanin madara biyu cike da siminti,
da keken da ba ya zuwa ko'ina
amma yakan kai ni har bakin lahira in leƙo in dawo.

Matsalar ita ce haɓa.
Maigidanmu a biro ba ya son ƙaya
a fuskar mai ƙirga kuɗin mutane.

Na gwada aski kafin in fita,
zufa ta bi sawun injin kamar an barbaɗa barkono,
na yini ina susa gaban masu ajiya.
Na gwada da dawowa, jiki sharkaf,
injin ya riƙa tsinkar gashin ɗai-ɗai
kamar akuya a bakin danga.
Sai na koyi lissafi irin na mai teburi da canji:
minti arba'in na ƙarfe,
goma na hanya,
guga ɗaya na wanka,
biyar in zauna ƙarƙashin fanka fata ta sha iska,
sannan huɗu na ƙugin ɗan injin,
daga kunne zuwa maƙogwaro, ana ja a kewaye.

Wata shida lissafin bai ci ni bashi ba.

Ran Talata batir ya mutu.
Na soka waya a bango, na gama kuncin dama sumul,
na juya na hagu,
fanka ta yi jiri ta tsaya.
Kuran ya tafi bai yi sallama ba.

Zuwera ta leƙo da ludayin koko a hannu,
ta dafa ƙofa don dariya.
Autarmu ta ce, Baba, gonar wa ka nome rabi?

Na hau moto da rawani a tsakar zafin Yamai,
ni da ban taɓa naɗa shi ba sai ranar biki.
Ƙafafuna na rawa saboda siminti,
agogo na cizon hannuna,
sai ga bishiyar da na shekara biyu ina kauce wa:
Cindo wanzami, zabira a gefe,
tun da surukina ya kawo mini injin daga Kwatano
ban sake zama a tabarmarsa ba.

Na kwance rawanin.
Bai yi dariya ba, wannan ya fi ciwo.
Ya wasa aska a tafin hannu, ya jiƙa yatsu a ƙoƙo,
ya kama haɓata kamar jiya muka rabu.
Ya ce, damtsenka ya yi tauri, madalla.
Can ya ce, wannan ɓarin furfura ta ci rabinsa,
injinka bai gaya maka ba?

Na makara da minti ashirin da biyar.
Maigida ya dubi agogo, ya dubi fuskata, ya wuce.

Yanzu injin na cin abincinsa wurin Zabairu,
a layin wayoyin samari, ƙarƙashin farantin rana,
yana cika ni ina ƙarewa.
Idan na buɗe kansa na kaɗe a bakin rariya
nakan tsaya in duba abin da ya zubo,
gawayi kaɗan, toka da yawa.

Juma'a kuwa ba na taɓa shi.
Nakan bar ƙayar ta kwana,
in kai wa Cindo.