Kwana Huɗu

Ni ke buɗe rumfar awon madara da asuba,
ni Jigna, 'yar Bhikhabhai,
a ƙauyenmu na bayan Palanpur.
Mata kan jeru da tulunan ƙarfe,
mayafi ja, mayafi ruwan ɗorawa,
kowace da lambarta a littafina.
In ɗiba, in ɗiga a tsinken gwaji.
Layi biyu, a juye cikin tanki.
Layi ɗaya, a koma da ita gida.

Ran Talata hantsar Kajri ta kumbura,
baƙar ɓaunarmu mai ƙaho kamar lauje.
Ta ƙi ɗanta, ta ƙi hannun Baba.
Likita Solanki ta iso a babur,
akwatin sanyi ɗaure a bayanta.
Ta ɗaga kwalba ta duba a hasken rana,
ga lambar hukuma, ga ranar lalacewa,
ta soka allura, ta shafa wuyan dabba,
ta rubuta a katin da ke rataye a turke:
kwana huɗu, ba sha, ba sayarwa.

Baba bai yi karatu ba, amma ya iya lissafi.
Lita tara da safe, bakwai da yamma,
sau huɗu.
Ga kuɗin makarantar ƙanena,
ga bashin dusa a shagon Ramji.

Ran Alhamis ina ɗago kai
sai ga shi a layi, namiji tilo,
farin rawani, ido a ƙasa.
Ya dire tulu a gabana.
"Ta warke," in ji shi, "dubi farinta."
Fara ce kuwa, ƙal, har da kumfa.
Ai magani ba ya rina madara.

Na ɗiga.
Minti biyar ɗin nan sun fi rani tsawo.
Layi ɗaya.

Bayana tanki na gurnani,
madarar gida ɗari biyu a cikinsa.
Kafin hantsi mota za ta kwashe,
gobe tana cikin kofin wani yaro a Ahmedabad
wanda ban san sunansa ba,
shi ma bai san Kajri ba.
Cuta kan saba da magani in ana ba ta kaɗan-kaɗan,
ran da aka neme shi da gaske, sai ta yi masa dariya.
Duk na san wannan, an koya mana.
Ba a dai koya mana yadda ake cewa uba
"ɗauki tulunka" a gaban mata talatin ba.

Na faɗa.
Ya ɗauka.

Da dare kakata na taunar goro na ƙasarmu
ta ce, "Kun ga bishiyar bakin mahauta?
Da ƙuruciyata ungulaye ke karya rassanta.
Aka zo da wata allurar ciwon gaɓɓai,
shanu suka ji sauƙi,
ungulayen da suka ci mushensu suka zube.
Sai da sama ta yi fayau
kafin takardar hani ta fito daga Delhi."
Ba da kowa take ba.
Baba na waje yana jin ta.

Na ji ƙarar madara tana shiga rami
bayan garke, a hankali,
kamar mai zuba wa kabari ruwa.
Ya tura ƙasa da ƙafa don kada kare ya lasa.

Muka sha baƙin shayi har Asabar,
gida ba magana sai cokali.
A bangon turke na ga zanen gawayi,
sanda uku, ta huɗu na jiran gari ya waye.

Ran Lahadi ƙanena ya kawo tulun.
Layi biyu.
Na rubuta lita tara, hannuna na rawa.

Da na dawo, kofi na jirana a bakin ƙofa,
shayi fari, da citta, da tururinsa.
Baba na can yana wanke Kajri,
ya ba ni baya,
yana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa
a kan taurin kai.