Abin da Masinja Ya Ji

Rumasa'u, ajiye dutsen gugar nan,
gawayin ya mutu, mayafin ya kwanta tun ɗazu.
Zo ki zauna. Ƙarfe tara suka ce?
To, a wurinki takwas ce.
Kabuga da safe ba ta san sauri ba,
mai adaidaita zai ce miki saura ƙiris,
shi ma fata yake yi.

Shekara ashirin da shida ina kai shayi
ɗakin da ake tantance masu neman aiki a Bompai.
Ba ni da kujera, ba a neman ra'ayina,
amma tire ba ya toshe kunne.
In mai nema ya fita, ƙofa ta rufu,
abin da ake faɗa a bayansa, ni na ji.

Na ga mai kwat ɗin aro,
hannun riga ya haɗiye masa yatsu,
yana ta fama da wuya, tambaya na wucewa.
Na ga mai turare: ya tafi da awa guda,
akanta na nan yana atishawa.
Sa naki, wanda jikinki ya sani.
Wankakke. Shi ke nan.

Gai da maigadi.
Wata rana manaja ya tsuguna a bakin ƙofa
da silifa, yana duba tayar motarsa,
wani saurayi ya miƙa masa jaka:
"Kai, riƙe min, in gyara hula."
Ya riƙe masa.
Da aka kira saurayin ciki, ya ɗaga ido,
ban sake ganin gumi irin na ranar ba.

Yi sallama da muryar da za a ji.
Kada ki zauna sai an nuna miki wuri.
Wayar nan, kashe ta tun daga titi.

Na san mun koya miki sunkuyar da kai gaban manya.
Gobe ɗaga shi kaɗan.
Ba fitsara ba ce.
Dardumar ofis ba ta ɗaukar ma'aikaci,
fuskar mai tambaya ake ba amsa.

Bari tambaya ta sauka, ta zauna,
kada ki riga malam masallaci.
In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba.
Wata Lantana Gwadabe ta taɓa cewa,
"Wannan ban iya ba, amma a nuna min sau ɗaya."
Suka kalli juna.
Ita ta sa hannu a takardar sallamata
ranar da na ajiye tire.

Kada ki zagi inda kika baro,
mai saurare yana jin kansa a ciki.
Kada ki ce a taimaka don Allah, gida babu,
ba sadaka suka fito rabawa ba.
Faɗa musu shekara uku kina riƙe da littafin
shagon kawunki a Kantin Kwari,
ko naira ba ta yi ɓatan kai ba.
Wannan magana ce mai ƙafa.

Albashi kuwa, bari su fara.
In sun taya, kada ki ce duk abin da ya samu,
ko atamfa ba a sallama ta haka.

An gama, yi godiya, ja ƙofa a hankali,
kada ki saki ajiyar zuciya sai kin wuce taga.

Takardunki sa su a leda, hadari na haɗuwa.
Ungo wannan, kuɗin mota, kada babarki ta ji.

Saura ɗaya.
In wani tsoho ya shigo da kofuna yana lallaɓawa,
dube shi, ki ce masa sannu.
Ba zai ƙara miki maki ba.
Amma cikin ɗaruruwan da na kai wa shayi
mutum bakwai suka ce min haka,
har yau ina iya kawo miki sunayensu.

Je ki kwanta. Ni zan buga miki ƙofa da asuba.