Allura ta Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Ranar da aka ce ciki ne, ranar aka miƙo kwalin allura.
Ƙarfe takwas, kafin Nibaldo ya wuce kejin kifi,
nakan zauna gefen murhu, in ɗage rigar ulu,
in nemi inda bai yi shuɗi ba.
Wurin ya fara wuya.
Cikina ya koma taswirar tsibiranmu:
ga Quinchao, ga Linlín, ga ɗan ƙaramin Llingua
da na yi ran Talata, da hannu ya yi mini rawa.

A tsunkuli fata, a soka a tsaye, a ƙirga goma.
Ban da murzawa, in ji ungozoma Orfelina,
tana leƙena ta saman tabarau.

Jinin gidanmu malalaci ne.
Sai ya samu ƙwauri ya zauna, ya dunƙule
kamar madarar da aka manta a taga.
Yayata Brunilda, kwananta tara da haihuwa,
ta fita kwashe shanya don hadari ya haɗo,
ta ce ƙirjina, ta zauna a dokin ƙofa.
Iyakar maganarta ke nan.
Ɗanta yana aji huɗu yanzu. Shi ke ɗauko mini
robar da nake jefa allurar da ta gama aiki,
yana girgiza ta a kunne, wai ruwa ne a kan kwano.

Ga inda gizo ke saƙa:
abin da ke tsinka jinin don kada ya shaƙe ni,
shi zai iya sa ya tsinke mini ranar sauka.
In na yi, zuba. In na bari, guda.
Likita a Castro ta ja layi biyu a takarda.
Alhamis da safe, ta ƙarshe.
Juma'a a tayar da naƙuda.
Yini da kwana cur a tsakani,
in ina son a kashe mini zafi ta gadon baya.
Ta ce, in yarinyar ta riga mu,
in faya ta fashe cikin dare, kada ki ƙara wata.
Rubuta lokacin ta ƙarshe, ki nufi mashaya.

Sai dai jirgin fito bai iya karatu ba.
In iskar arewa ta murtuke, kwanciya yake a gaɓa,
ko wa ke kuka.
Nibaldo, da bai taɓa tsoron teku ba,
ya koma kwana da rediyo a ƙirji.
Da asuba ya durƙusa yana ja mini safar matsi,
yana huci kamar mai jawo koma,
ni ina dariya, ita tana shurina daga ciki.
Surukata ta kawo jiƙon ganyen da ya sauke ta sau bakwai.
Na yi godiya. Dankalin bayan gida ya sha.

Yau Alhamis.
Na samu wuri, faɗin ƙumba, ƙasa da haƙarƙari.
Na ƙirga goma, na ƙara biyu don sallama.
Na ɗauki biro na rubuta a wuyan hannu:
takwas da minti huɗu.

Daga nan jinina ba shi da makiyayi.
Ban yarda in zauna ba. Na zaga gida, na zaga coci,
na bi katangar tumaki har ruwa ya jiƙa ni,
ina lallashinsa: yi tafiya, ɗan'uwa, yi tafiya,
amma gobe, in an ce tsaya, ka tsaya.

A ƙasan jaka, ƙarƙashin hular da na saƙa mata,
akwai sabon kwali, guda arba'in da biyu,
na makonni shidan da Brunilda ba ta ƙarasa ba.
Nibaldo ya leƙa taga, ya ce teku ya kwanta.
Na rufe hannu da riga, kada yayyafi ya goge tawadar.