Alillibar Kakana

Mai zarton inji ya hau dutsen Tula da hantsi,
ya zagaya ta sau biyu,
ya ƙwanƙwasa gindinta da ɗan yatsa
kamar mai sayen tulu a kasuwar Kaltungo.
Ya ce, "Dubu tamanin. In na tsaga, ƙofa shida ce."
Na ce masa sai na yi shawara.
Bai tambayi da wa ba.

Kakana Dogara bai dasa ta ba.
Tsuntsu ne ya yar da ƙwallon a tsagin dutse,
ranar noman firi fartanya ta zo kanta,
sai ya janye hannu.
Ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki.
Iyakar wahalarsa ke nan a kanta,
ga mu muna ci har jikoki.

Da rani takan tuɓe ganyenta, faffaɗa, mai kaushi,
ta shimfiɗa wa gona.
Gara ta zo ta yi aikinta a ɓoye,
kafin ruwan fari ƙasar ta koma baƙa,
in ka damƙa ta tana riƙe siffar hannunka.
Inna takan tura mu sama da adda:
"Ku rage mata kai, dawa ma tana son rana."
Rassan na murhu ne, ganyen na tumaki,
ita kuma ba ta riƙe mu a zuci,
wata biyu ta sake tofowa.
Gwaza na can gindinta, inda laima ke daɗewa.

Shekarar da Jatau ya sayar da tasa,
ruwan Agusta ya sauko da fushi,
ya kwashe jeren duwatsun da ubansa ya ɗora,
ya kai ƙasarsa kwari, gonar wani.
Namu jeren bai motsa ba.
Na tona daga baya, na ga saiwa
ta saƙa dutse da dutse kamar zaren tabarma.

In ta yi fure sai ka ce an shanya farin ƙyalle.
Amya biyu na can a ƙwauri,
kana jin ƙugin zuma tun daga rafi.
'Ya'yanta rawaya, masu danƙo,
mun tsotse su har leɓe ya manne,
da su na liƙe littafin lissafina da ya yage,
malam ya shinshina, ya yi dariya.

To, amma dubu tamanin.
Kuɗin jarrabawar Tabawa na jira,
kwanon ɗakin baya yana yoyo a kan gado,
inuwa kuwa ba ta shiga aljihu.
Na zauna na lissafa da tsinke a ƙasa:
zuma galan uku, takin da ban saya ba,
itacen da matata ba ta je nema ba.
Lissafin bai cika ba. Bai kuma faɗi ba.

Ya ce zai dawo ran Asabar.
Da yamma ina sassabe a gefen jere na uku,
sai ga ganye biyu, masu kaushi,
sun leƙo daga tsagin dutse.
Fartanya tana sama.
Na daɗe a tsaye, hannuna yana sanyi,
sannan na tafi neman ƙaya.