Hannu a Aljihu

Shekara talatin da ɗaya a Arequipa,
gindin dutsen Misti mai farin rawani,
Farfesa Hermelinda na ƙera masu koyar da ƙira.

Ranar farko ta miƙo mini mataccen rediyo:
"Kada ka gyara, Wilber.
Sa yaro ya gyara, hannunka a aljihu."
Na ji haushi. Ashe nan gizo ke saƙar.

Yau a Chivay, inda sanyi ke tsaga leɓe,
wata ɗalibata ta haɗa waya da waya,
ƙwan lantarki ya kama,
aji ya ɗau sowa.
Hannuna na aljihu, yana rawa.

Jiya ta ajiye alli,
ta bar tsohuwar filayarta kan tebur,
wai wanda ya riga, tasa ce.