Harafin Ƙarshe

Ran Talata, ruwa na tsuga a Agege,
Iya Folake ta sauke ƙunshi a bakin shagona.
Kayan mijinta ne, wata bakwai da rufe shi:
agwada biyu, ashoke mai ruwan goro,
kakin reluwe da ya koɗe a gwiwa,
da ankon bikin autarsu.
Ta ce, "Mai keke, haɗa mini su bargo,
ka sa sunansa a tsakiya.
Gadon ya yi mini faɗi."

Na sa almakashi inda mutum ya shekara talatin yana sa jiki.
A aljihun kakin na tsinci ɓarin goro,
ya bushe kamar tsakuwa.
Ban yar ba. Na tura shi cikin audugar,
na ɗinke bakin.

Kwana huɗu ina aura ƙyalle da ƙyalle,
rigar coci gefen rigar aiki,
sannan na ɗora a keken aiki, na ɗaure tam.
Allura ta kama sara kamar kaza ta samu tsaba,
zare ruwan zuma na bin ta a guje.
A ta fito, D ta fito,
I, G, U,
sumul, ko ƙuda ya taka sai ya zame.
Saura harafi ɗaya Adigun ya cika
aka ɗauke wuta.

Janareto ya yi tari biyu ya yi shiru.
Kwana uku layinmu ba ko ƙyas,
ga shi gobe za ta zo.

Baba Mati na kan benci, inda yake wuni
tun da yana ta rufe masa ido.
Shekara arba'in ya yi yana surfani a Zariya,
bai taɓa yi wa kekena kallon arziki ba.
Ya ce, "Miƙo."
Ya shafa haruffan da ɗan yatsa, ya taɓe baki:
"Ɗinkin da ba ya numfashi."
Bai san boko ba.
Na zana masa N a tafin hannu, sau uku,
na zura masa zare, don wannan kam ya fi ƙarfinsa.

Har aka kira isha yana lalube.
Harafin ya fito da ƙafa ɗaya gajera,
ya jingina da U kamar mai jiran danfo.
Na yi niyyar farkewa in wuta ta dawo.
Ba ta dawo ba.

Da safe ta shimfiɗa bargon a kan teburin yanka,
ta bi sunan da hannu, ta wuce biyar ɗina ba ta tsaya ba.
A kan na shidan ta daɗe.
Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu.
"Wa ya gaya muku yana ɗingishi?"

Baba na can yana neman allurarsa a ƙasa.
Ta biya, ba ta nemi ragi ba.