Kuka da Kuka

Na wangale baki tun kafin a ce.
Ta yi murmushi: a'a, ta hanci za mu bi.
Wata siririyar igiya mai fitila a ka
ta sulale ciki da sanyi,
kamar ruwan alwalar asuba da ya ɓata hanya.
Ce "iii", in ji Dakta Kerrigan.
Na ce. Abin da ya fito
ƙarar ƙyauren langa-langa ce.

A allon gabanmu sai ga su:
tantani biyu farare, tsawon farcen ɗan yatsa,
suna haɗuwa suna rabuwa.
Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa gaishe su ba.
A gefen na hagu wani ƙullutu,
ƙwayar dawa guda,
ya zauna a bakin ƙofa ya hana ta rufuwa.

Wane aiki kike yi?
Gidan tsofaffi, can Hillsborough.
Albert ba ya ji sai an ɗaga murya,
Doreen ta jefa abin kunnenta a shayi tun bara.
Shekara shida ina ƙwala wa kurame kiran shan magani.

Amma likita, ba dusashewar ce ta kawo ni ba.
A harshenmu kalma hawa take, tana sauka.
Kuka itaciya ce, kuka kuma hawaye,
murya kaɗai ke raba su.
Inna na Gumel, ba ta karatu,
saƙon murya ne igiyar da ke tsakaninmu.
Na ce mata kuka nake so,
ta kwana jan carbi,
wai me Turawa suka yi wa 'yarta.

Dakta ta ajiye biro. Maimaita, Hansatu.
Kuka. Kuka.
Kunnenta bai kama ba, sai ta kunna na'ura.
Layi biyu suka fito a allo,
duk a kwance kamar tabarmi.
Ta rubuta kalmar sau biyu a fayil ɗina
ta ja layi a ƙarƙashi.

Talata. Ruwan Sheffield na tsiyaya a taga.
Nas ta raɗa mini cewa ranar tiyata
Dakta ko kofi ba ta kurɓa,
kada hannu ya girgiza ko da faɗin gashi.
Almakashinta dogo, bakinsa bai kai tsinken sakace ba.
Ni ban ga komai ba.
An ce minti ashirin da biyar
tana sunkuye a kan madubin ƙara girma,
tana ɗage fata kamar mai ɓare wa jinjiri lemo.

Sai doka: kwana bakwai ba magana,
ba gyaran murya, ba raɗa.
Raɗa ma ta fi ɓarna, in ji ta.
Salla da leɓɓa. Tukunya ta ƙone ni, na haɗiye wayyo.
Ina rubutawa, Raliya na karanta wa kakarta
da Hausarta mai gurɗe.
A makon na san firjinmu na da tari,
na san maƙwabcina yana hira da karensa
fiye da yadda nake hira da 'yata.

Da na koma, ba ta ce "iii" ba.
Ta buɗe fayil, ta murɗa harshe, ta ce: kuka.
Na ce, wannan hawaye ne, likita.
To ki ba ni itaciyar.
Na ja numfashi, tsoro fal ciki.
Layin farko ya miƙe sambal.
Na biyu ya hau, ya tsaya,
ya sauko a hankali kamar mai sauka daga tsani.
Ta daɗe tana kallonsa.
Ta ce in riƙa shan ruwa,
in sa a saya wa Doreen sabon abin kunne.

A tashar bas, cikin yayyafi, na danna waya.
Amsa ta iso kafin motar:
Muryar wa nake ji haka, tas?
Ashe miya kike nufi, ja'ira.
Kwano biyu na daka,
har da daddawa.